Dish Ɗaya, Ɗakuna Huɗu

A Ɗan Isa babu kamfanin da ke ja wa mutane wayar talabijin gida-gida kamar yadda ake yi a biranen Amurka da Turai. Abin da muke da shi dish ne, wani a kan soro, wani a kan katanga, wani a kafe a tsakar gida an danne ƙafarsa da duwatsu. Amma idan ka shiga manyan gidaje za ka tarar da yawansu suna da ɗan ƙaramin kamfanin waya na kansu: dish ɗaya, risiba ɗaya, sai baƙar waya da ta bi jikin bango tana shiga wannan ɗaki tana fita wancan. Gidanmu yana cikin irin waɗannan gidaje, kuma labarin wannan baƙar waya muke son ba 'yan uwanmu ɗalibai, domin ta koya mana lissafin da muka daɗe muna gani a allo ba mu san inda yake aiki ba.

Mu biyar ne 'yan sakandare a gidan, uba ɗaya, uwa biyu. Uku 'ya'yan Inna ne, biyu 'ya'yan Umma, amma tare muke tafiya makaranta, tare muke cin tuwo, kuma tare muka yi wannan aiki.

Da can talabijin ɗaya ya ishe mu. Yana falon Baba. Maza daga cikinmu gidan kallo suke zuwa idan ana ƙwallo, ƙanana kuma su taru a falo bayan isha'i. Abin ya canza ne a watan Satumba na 2021. Duk ɗalibin Zamfara yana tuna wannan wata. Saboda matsalar tsaro an rufe makarantu, an dakatar da kasuwannin mako-mako, sannan aka katse layukan wayar salula a faɗin jihar. Wayoyin hannu suka koma tocila da kalkuleta. Baba ya ce daga magariba ba mai sake fita ƙofar gida. Hanyar jin abin da duniya take ciki ta rage saura biyu, rediyo da dish.

Dalilin da ya sa dish bai mutu tare da waya ba mai sauƙi ne. Wayar hannu da turakun sadarwa na ƙasa take magana, idan aka kashe turakun ta kurumce. Shi kuwa dish babu ruwansa da su. Saƙo yake karɓa kai tsaye daga tauraron ɗan Adam da ke can sama da tsakiyar duniya, nisan kilomita 35,786. Namu yana kallon tauraron Eutelsat da ke kan digiri 16 gabas, inda muke kama Arewa24, tashar da ta fara aiki a 2014, da wasu tashoshi na kyauta.

Sai falon Baba ya yi kaɗan. Mutum kusan ashirin a ɗaki ɗaya, ga zafi, ga kukan yara. Idan Baba ya yi baƙi maza, iyayenmu mata ba za su shiga ba. Kaka kuma gwiwa ba ta barin ta ta ratso tsakar gida da dare. Don haka Baba ya sa Yaya ya samo ƙananan talabijin na hannu guda uku a Ƙauran Namoda, aka kira mai gyara ya ja waya zuwa ɗakin Inna da ɗakin Umma da ɗakin Kaka.

Ga yadda ya haɗa. A bayan risibarmu akwai wani baki da aka rubuta wa RF OUT. Wannan baki yana mayar da tashar da ake kallo ta zama kamar tashar da eriya ta kamo, ta yadda kowane talabijin zai iya nemo ta. Daga nan mai gyara ya ja waya zuwa wani ɗan ƙarfe da bai fi akwatin ashana biyu ba, baki ɗaya na shiga, huɗu na fita. Masu gyara suna ce masa sifilita, mu kuwa muka sa masa suna mararraba, tunda nan hanya take rabuwa. Bakuna uku suka tafi ɗakuna uku, na huɗu aka bar shi a buɗe. Talabijin ɗin falo shi da wata gajerar waya dabam aka haɗa shi da risiba, bai bi ta mararraba ba.

Da aka kunna, falo tar. Ɗakin Inna ba laifi. Ɗakin Umma hoto ya fito dishi-dishi, kamar ana watsa garin gero a fuskar mutane, murya kuma da shuuu a ƙarƙashinta. Ɗakin Kaka ya fi kowanne muni. Ta kira mu ta ce, "Ku ɗiyan ga, mi yas sami akwatin ga? Ba ni ganin komi sai hazo."

Wanda bai tashi a gida irin namu ba zai ce ai ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne. A gidan da yake da mata biyu, ko sabulu aka raba sai an kalli girman kowane yanki. Umma ba ta ce uffan ba. Amma idan lokacin Daɗin Kowa ya yi, sai ƙannenmu na ɗakinta su zame ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗakin Inna, ta rage ita kaɗai da hazo. Ba a yi mako biyu ba muka fara jin magana daga bakin masu shigowa gida, wai ai ko talabijin ma an san wadda aka zaɓar wa mai kyau. Mu da muke tafiya makaranta a jere muka fara tafiya kashi biyu.

Baba ya ji. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ce a ɗauko talabijin ɗin ɗakin Inna a kai ɗakin Umma, a kawo na Umma ɗakin Inna. Shi don ya kashe magana ya yi. Amma da aka kunna sai ga shi hazo bai bi akwati ba, yana nan daram a ɗakin Umma, kuma akwatin da ake cewa maras kyau ya fito fes a ɗakin Inna. Daga baya malaminmu na Fizis ya ce abin da Baba ya yi shi ne ainihin gwaji irin na masu kimiyya: ka canza abu ɗaya tak, ka bar sauran yadda suke, ka ga abin da zai faru. Sakamakon ya wanke akwatunan, ya wanke Baba, ya bar laifi a kan hanya.

Daga nan shawara ta yi yawa, kuma kusan duk iri ɗaya ce: "Ku sayo busta." Sai dai mun san wani maƙwabci da ya riga ya sayo, ya maƙala ta a bayan talabijin ɗinsa da ke can ƙarshen waya, hazon bai tafi ba, sai ma ya ƙara kauri. Ga kuɗi ba a shara ake tsinto su ba a shekarar da kasuwa ta yi wata da watanni ba ta ci. Baba ya ce ba zai sake fitar da ko sisi ba sai an tabbatar masa abin zai yi aiki.

Bayan an koma makaranta muka tare malamin Fizis a gindin bishiya lokacin tara. Muka ce, "Malam, busta tana gyara hoto ko ba ta gyarawa?" Ya ce, "Tana yi, kuma ba ta yi. Wayarku mita nawa ce? Mararrabar baki nawa gare ta? Hoton falo yana da kyau?" Ta ƙarshe kaɗai muka iya amsawa. Ya ce mu je mu auno, mu dawo da teburin log ɗinmu.

Da tef ɗin ɗinkin Umma da igiyar guga muka yi awon. Muka auna igiyar da tef, sannan muka riƙa bin waya da igiyar, lungu-lungu, har inda ta haura saman ƙofar kicin ta zagaya bayan rumbu. Daga mararraba zuwa ɗakin Inna mita 6. Zuwa ɗakin Umma mita 30. Zuwa ɗakin Kaka mita 36. A ido ɗakin Umma bai kai haka nisa ba, amma waya ba ta ratsa tsakar gida, bango take bi.

Malam ya karɓi takardar ya ce ƙarfin sigina da desibel ake lissafa shi, ana rubuta shi dB. Sunan ya samo asali ne daga Alexander Graham Bell, wanda ya yi rajistar ƙirƙirar wayar tarho a 1876. Ya ce mu buɗe tebur mu nemo log na 2. Muka ce 0.3010. Ya ce mu ninka da 10. Muka ce 3.01. Ya ce, "To kun gama. Duk inda kuka ji an yi asarar 3 dB, rabin ƙarfi ya tafi. Idan 6 ne, saura kashi ɗaya cikin huɗu. Idan 9 ne, ɗaya cikin takwas. Idan 12 ne, ɗaya cikin goma sha shida." Amfanin wannan awo shi ne, maimakon ka yi ta ninkawa da rabawa, tarawa kawai za ka yi da ɗebewa. Abin da aka ƙirƙiri log dominsa ke nan tun asali.

Sannan ya nuna mana inda ƙarfin yake zurarewa. Wuri na farko mararraba ce. Mararraba maras wuta ba ta ƙara komai, rabawa kawai take yi, har ma ta ci ɗan ladanta. Mai baki biyu tana rage wa kowane baki kimanin 3.5 dB. Mai baki huɗu kimanin 7 dB, ko an yi amfani da bakunan duka ko ba a yi ba. Wuri na biyu ita kanta wayar. Irin wadda aka fi amfani da ita, mai suna RG6, a zangon da risiba take aika hoto tana cinye kusan rabin ƙarfi a kowace mita 15 zuwa 20, idan ma mai kyau ce.

Muka zauna muka tara. Ɗakin Inna: 7 na mararraba da 1 na waya, 8 dB, wato kusan kashi ɗaya cikin shida na abin da ya fito daga risiba. Ɗakin Umma: 7 da 5, 12 dB, kashi ɗaya cikin goma sha shida. Ɗakin Kaka: 7 da 6, 13 dB, kashi ɗaya cikin ashirin. Muka yi shiru muna kallon takardar. Saƙon da ya sauko daga nisan kusan kilomita 36,000 ya iso gidanmu lafiya, amma mita 30 na ƙarshe suka nemi kayar da shi. Mararraba ta raba daidai, ba ta fifita kowa ba. Sai dai rabo daidai a bakin ƙofa ba ya nufin kowa zai isa ɗakinsa da daidai, tunda hanyar wani ta fi ta wani tsawo.

Saura tambayar maƙwabcinmu: me ya sa bustarsa ba ta yi aiki ba? Nan ne Malam ya fi daɗewa, kuma nan ne gaba ɗaya maganar take. Ya ce a cikin kowace waya da kowace na'ura akwai wata 'yar hayaniya da ba ta ƙarewa, wadda zafi yake haifarwa ta hanyar motsa ƙwayoyin lantarki. Idan sigina tana da ƙarfi, hayaniyar ba ta bayyana, kamar yadda ba ka jin kukan sauro idan ana kiɗa. Idan sigina ta raunana har ta kusa yin daidai da hayaniyar, sai hayaniyar ta fito a fuskar talabijin. Hazon da muke gani ke nan. Ita kuma busta ba ta da hankalin da za ta bambance hoto da hayaniya. Duk abin da aka miƙa mata shi take ƙara wa ƙarfi, sannan ta ɗora tata 'yar hayaniyar a kai. Wanda ya sa ta a ƙarshen doguwar waya, bayan hoto ya riga ya cakuɗe da hazo, hazo mai ƙarfi zai samu.

Ya kawo mana misali da masu noman rani a bakin gulbin Gagare. Ya ce, "A ina suke ajiye injin ban ruwa?" Muka ce a bakin ruwa. Ya ce, "Me ya sa ba sa kai shi ƙarshen gona, inda ake buƙatar ruwan?" Muka yi dariya, domin can babu abin da zai ja sai taɓo. To haka busta take. Wurinta shi ne mafari, inda sigina take da tsabta, kafin a raba ta, kafin doguwar waya ta gajiyar da ita.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. Wani injiniya haifaffen Denmak mai suna Harald Friis, da yake aiki a cibiyar bincike ta Bell a Amurka, ya fitar da lissafinta a 1944. Ya nuna cewa idan aka jera na'urori ɗaya bayan ɗaya, ta farko ce ta fi kowacce tasiri a kan yawan hayaniyar da za ta fito a ƙarshe. Shi ya sa ake kafa LNB, ɗan kan nan da ke gaban dish, daidai inda saƙon tauraro yake taruwa. Ita ce busta ta farko a gidan, kuma an ƙera ta ne musamman don ta kasance mai ƙarancin hayaniya. Tana karɓar saƙo mai saurin kaɗawa sosai, tsakanin gigahaz 10.7 zuwa 12.75, ta ƙara masa ƙarfi, ta sauko da shi zuwa tsakanin megahaz 950 da 2150 don ya iya bin waya ya kai risiba.

Malam ya ƙara mana da cewa talabijin na waya ma da irin matsalarmu ya fara. A wajajen 1948, mazauna wasu garuruwan Amurka da tsaunuka suka tare, a jihohi irin su Fensilbaniya da Oregon, ba sa kama tashoshin birane. Sai aka kafa eriya ɗaya a wuri mai tsawo, aka jawo waya zuwa cikin gari, ana sa busta a kan hanya, ana raba wa gidaje. Abin da suka yi wa gari guda shi muke son yi wa ɗakuna uku.

Kafin a sayi komai, ya ce mu tabbatar mafarin namu yana da tsabta. A cikin risiba akwai shafin da ke nuna sanduna biyu, ɗaya ta ƙarfi, ɗaya ta inganci. Ta ingancin ita ce abin dubawa. Idan tana ƙasa, ko hoton falo ma yana daskarewa yana farfashewa gida-gida, to matsalar tana wajen dish: ko iska ta karkatar da shi, ko reshen bishiya ya tare shi, ko ruwa ya shiga kan waya. Irin wannan babu bustar da za ta gyara. Tamu sandar tana sama, falo kuma tar yake, don haka muka wuce.

Sai muka bi wayoyin da kansu. Wannan waya ba kamar ta wutar lantarki ba ce. Tana da zare ɗaya na ƙarfe a tsakiya, farin roba ya kewaye shi, sannan wata raga ta siraran wayoyi ta lulluɓe robar. Ragar ita ce garkuwa, tana hana sigina fita, tana hana hayaniyar waje shiga. A kan hanyar ɗakin Umma, bayan rumbu, muka tarar da inda waya ta gaza aka ƙara wata. An murɗe zaren tsakiya da na tsakiya, an naɗe da leda da salatif, ragar kuwa ko haɗuwa ba ta yi ba. Damina ɗaya ta wuce ta kansa, ya yi tsatsa. Wannan asara ce da ba ta ma cikin lissafinmu. Muka rubuta cikin jerin sayayya: sabuwar waya mita 30 marar gaɓa, da kawunan murɗawa irin waɗanda ake ce wa F.

Muka kai wa Baba takardar da daddare. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Wannan lissafin wa ya yi shi?" Muka nuna 'yar'uwarmu ta ɗakin Umma, wadda take aji biyar, domin ita ta fi mu hannu a log. Ya ce, "Idan aka saya bai yi ba fa?" Ta ce, "Baba, in sha Allahu zai yi. In bai yi ba, mun san inda za mu duba." Ya ba da rabi, mu kuma muka cika da kuɗin da muka tara na roron gyaɗa.

Abin da muka je nema a Ƙaura shi ne mararraba mai busta a cikinta, wadda ake jona wa wuta. Malam ya gargaɗe mu kada mu kalli kyan kwali, mu karanta abin da aka rubuta a jikin ƙarfen. Abu na farko zango. Wadda aka rubuta wa 47 zuwa 862 MHz, ko kusa da haka, ita ce ta eriya da bakin RF, ita muke so. Wadda ta kai 2150 ko fiye ta wayar dish ce. Abu na biyu ƙarin da take bayarwa a kowane baki. Wadda muka samu mai baki huɗu ce, an rubuta 8 dB. Nan a gaban shago muka sake lissafi a bayan takarda. Ɗakin Inna, 8 a ɗebe 1, saura 7. Ɗakin Umma, 8 a ɗebe 5, saura 3, wato ninki biyu na abin da risiba take fitarwa, maimakon ɗaya cikin goma sha shida. Ɗakin Kaka, 8 a ɗebe 6, saura 2. Mai shagon ya leƙo takardar ya ce mu yaran wane mai gyara ne.

Akwai kuskuren da ya ce mutane suna yawan yi, ya kamata mu isar da shi. Kada a sa irin wannan na'ura a tsakanin dish da risiba. LNB ba ta da wayar wuta ta kanta, risiba ce take aika mata wuta ta cikin wayar sigina, bolt 13 ko bolt 18, kuma da wannan bambanci take gaya mata wane rukunin tashoshi za ta turo. Mararrabar eriya tana iya tare wannan wuta gaba ɗaya, a wayi gari babu tasha ko ɗaya. Ko da an sami mai barin wuta ta wuce, idan risiba biyu suka hau waya ɗaya, wannan tana neman 13 waccan tana neman 18, ɗaya za ta rasa tashoshinta. Gidan da yake son kowane ɗaki da risibarsa, LNB mai baki biyu ko huɗu zai saya, kowace risiba da wayarta. Haka kuma wasu sababbin risiba ba su da bakin RF, sai an haɗa musu da wata 'yar na'ura da ake kira modileta.

Ranar Asabar da safe muka yi aikin, bayan mun zare komai daga wuta. Muka cire tsohuwar mararraba. Muka kafa sabuwar a bango daidai bayan risiba, da wayar da ba ta kai mita ɗaya ba, a inda iska take shiga don kada ta yi zafi. Muka ja sabuwar wayar ɗakin Umma ba tare da lanƙwasa ta sosai a kusurwa ba. Wajen fere kan waya muka kula kada ko gashi ɗaya na raga ya taɓa zaren tsakiya, domin wannan kaɗai ya isa ya kashe hoto. Inda waya take shiga ɗaki daga waje muka saki ɗan lanƙwasa ƙasa, don ruwan sama ya ɗiga a nan maimakon ya bi ta ya shiga ciki. Baki na huɗu muka rufe shi da ɗan murfin ƙarfe mai om 75, wanda yake hana sigina ta bugi buɗaɗɗen baki ta dawo ta dagula sauran.

Da aka kunna, muka rarrabu ɗaki-ɗaki muna kwala wa juna kira ta tsakar gida. Ɗakin Umma fes. Ɗakin Kaka fes. Kaka ta sa aka kai tashar da ke nuna Ka'aba kai tsaye, ta matso da tabarmarta, ta daɗe ba ta yi magana ba, sannan ta ce, "Ashe mutane na a nan, ni ina cewa tsuntsaye na." Da yamma Inna da kanta ta ɗauki kwanon gyaɗa ta tafi ɗakin Umma kallo, wai nata ɗakin ya cika zafi. Ba wanda ya sake tayar da maganar wadda aka zaɓar wa mai kyau.

Gaskiya ita ce akwai abubuwan da bustar ba ta gyara ba, kuma ba za ta gyara ba. Idan ruwan Agusta ya sauko da ƙarfi, hoto yana ɗaukewa a ɗakuna huɗun baki ɗaya, domin ɗigon ruwa yana shanye saƙon tauraro tun a sararin sama, kafin ya taɓa dish. Sai haƙuri har a ɗauke. Idan kuma hadari ya taso da walƙiya, dokar gidanmu ita ce a zare wuta a zare wayar dish, kuma ba mai hawa soro. Sannan ita na'urar sai da wuta. Ranar da wani ƙanenmu ya zare ta ya sa cajin tocila, ɗakuna uku suka koma hazo fiye da na da, domin busta marar wuta ba ta barin sigina ta wuce yadda ya kamata.

Babbar wadda ba ta gyara ba ita ce rimot. Tunda risiba ɗaya ce, duk abin da aka sa a falo shi kowa yake gani. Idan Yaya ya kai ƙwallo, Kaka ma ƙwallo. Wannan ba a sayar da maganinsa a shago. Zama aka yi, Inna da Umma da Baba, mu muna rubutawa a bayan kwalin taliya. Bayan la'asar na Kaka ne. Bayan isha'i fim da wasan kwaikwayo. Ƙarfe tara labaran NTA, na Baba. Asabar da Lahadi da yamma ƙwallo. Daga Litinin zuwa Alhamis, da zarar an gama labarai a kashe, 'yan makaranta su ɗauki littafi. Kwalin yana nan a liƙe a gefen mararraba, kuma a gaskiya ya fi ta shan aiki.

Idan gidanku yana da irin wannan waya, kafin kowa ya fitar da kuɗi ku ɗauki igiya ku auna. Ku ƙirga bakunan mararraba, ku ba mai biyu 3.5, mai huɗu 7, ku ƙara kimanin 3 a kan kowace mita 18, ku tara. Ku duba sandar inganci. Ku bi waya da hannu ku nemo inda aka yi mata gaɓa. Wani gidan zai tarar ba ya ma buƙatar busta, sabon kan waya ne kawai, ko a sauya mai baki huɗu da mai baki biyu. Wanda kuma yake buƙata, ya sa ta a mafari. Tun daga lokacin gida uku a layinmu suka kira mu muka yi musu wannan lissafi, kuma ɗaya ne kawai a ciki ya ƙare da sayen busta.

Baki na huɗu har yanzu yana rufe da murfinsa. Mun riga mun auna: daga mararraba zuwa ɗakin samari mita 24 ne, 8 a ɗebe 4, saura 4, hoto zai fito tar. Mun kai wa Baba wannan takardar ma. Ya duba, ya ce lissafin daidai ne, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce a kawo masa sakamakon WAEC tukuna.